Wane ne "mai jinya" a idon doka? Zare a kan wiwin magani a Amurka

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren nan yana da ɗan tsawo. A jihar Kalifoniya akwai mutumin da warin kuɗinsa ya tona masa asiri a banki, shari'arsa kuma ta je har Kotun Ƙolin jihar a kan tambaya ɗaya tak: shi mai jinya ne ko dila? Mako guda ke nan da karanta hukuncin, har yanzu yana min yawo a kai. 🧵

2/ Kafin wani ya diro min da "ɗan wiwi": a Najeriya wiwi haramtacciya ce a doka, katin likitan Amurka ba zai cece ka daga hannun NDLEA ba. Ba kiran a halasta nake ba, fatawa kuma aikin malamai ne. Ni ɗalibin shari'a ne, abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda kalma ɗaya a cikin doka take iya kai mutum gidan yari ko ta mayar da shi gida.

3/ A watan Nuwamban 1996 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a a kan wata doka da ake kira Proposition 215, ta samu kusan kashi 56 cikin 100. Ita ce jiha ta farko a Amurka da ta yarda mara lafiya ya riƙe wiwi ko ya shuka ta in likita ya ba shi shawarar haka. Lokacin cutar ƙanjamau ta yi wa birnin San Francisco mummunar ɓarna, mutane suna ramewa har ƙashi saboda ba sa iya cin abinci.

4/ To amma wanda cuta ta kwantar, ko wanda ƙarin ruwan maganin ciwon daji ya sa shi amai dare da rana, ina zai iya noma? Dole wani ya yi masa. Shi ya sa dokar ta shimfiɗa kariyar ta haɗa da mutum na biyu, wato babban mai jinyarsa.

5/ Ga yadda ta fayyace shi, da Hausata: mutumin da mara lafiyan ya zaɓa da kansa, wanda kuma ya ɗauki nauyin muhallinsa, ko lafiyarsa, ko tsaronsa, ɗauka mai ɗorewa. Sharaɗi biyu ke nan, a zaɓe ka, kuma ka kasance da gaske kana ɗauke da nauyin. Ku riƙe kalmar ɗorewa ɗin nan, za mu dawo kanta.

6/ Matsalar ita ce dokar ba ta faɗi inda za a samo wiwin ba. Sayarwa tana nan a matsayin laifi. Sai mutane suka gano dabara: ka shiga wani kulob, ka sa hannu a takarda cewa mai kulob ɗin ne mai jinyarka, ka biya, ka karɓi kayanka. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wa kulob ɗin Dennis Peron, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta dokar da hannunsu, a'a. Mutum ɗaya ba zai zama mai jinyar dubban mutane don kawai sun cike fom ba.

7/ Yanzu mu zo kan na banki. A 2003 wani mutum a yankin Santa Cruz yana yawan kai kuɗi banki, ƙananan takardu, suna warin wiwi har ya cika wurin. Bankin ya kai rahoto. 'Yan sanda suka je gidansa suka tarar da wiwi kusan gindi 190.

8/ Bai musa ba. Ya ce shi ma yana da takardar likita, sauran kuma na marasa lafiya biyar ne da yake samar wa. Yana ba su shawara a kan irin da ya dace da ciwonsu, yana koya musu shuka, wani lokacin ma yakan raka wasu ganin likita. Yana karɓar kuɗi, amma a cewarsa na wuta da taki da sauran ɗawainiya ne. Saboda haka shi mai jinya ne, doka ta kare shi.

9/ Shari'ar ita ce People v. Mentch, an yanke hukunci a Nuwamban 2008. Kotun Ƙolin jihar ta ce bai cancanci wannan suna ba, ta kuma ajiye ma'auni mai ƙafa uku. Na farko, sai ka nuna kana kula da mara lafiyan a kai a kai. Na biyu, kulawar ta tsaya da ƙafarta ko da an cire maganar wiwi gaba ɗaya. Na uku, ta fara kafin ka soma taimaka masa da wiwin, ko aƙalla su fara tare.

10/ Dalilin kotun yana da ƙarfi fa. In ba wa mutum wiwi kaɗai ya isa ya mayar da kai mai jinya, kuma zama mai jinya ne ya halasta maka ba shi wiwin, to magana ta zama macijin da ya haɗiye wutsiyarsa. Kowane dila sai ya buga fom ya raba wa kwastomominsa.

11/ Da na fara karantawa kai kawai nake gyaɗawa, don na san me ake kira jinya. Na yi ta kakata kusan wata biyu a asibiti. Kwana a kan tabarma a baranda, sauro, wanke fo, juya ta kar bayanta ya yi gyambo, bin nas da roƙo, lallashi ta sha cokali uku na kunu. Wani ya zo sau ɗaya a wata da leda a hannu ya ce shi ma mai jinya ne? Haba malam. Wannan ɗan dubiya ne.

12/ Saboda haka a kan ma'anar kalma, ina tare da kotu ɗari bisa ɗari. Inda na fara samun damuwa shi ne da na tambayi kaina: to mara lafiyan fa, yanzu wa zai noma masa?

13/ Ku duba da kyau. Wadda ta cika ma'aunin kotu ita ce matar da ke wanke mijinta, ko uwar da ke kwana a zaune saboda farfaɗiyar ɗanta. Wannan matar ba ta da lokacin yin wanka a natse, balle ta koyi noman da ke cin wata uku zuwa huɗu, mai buƙatar fitilu da iska da sanin irin shuka. Wataƙila ma gidan haya take, mai gida ya hana.

14/ Shi kuma wanda ya iya noman, yana da wuri da kayan aiki, ba shi ne ke wanke fo ba. Doka ta miƙa izinin ga wadda ba za ta iya amfani da shi ba, ta hana wanda zai iya. Nan ne ra'ayina yake: tun farko kuskure ne a cusa aiki biyu, kula da mutum da samar masa da magani, a cikin suna ɗaya.

15/ Don adalci, Kalifoniya ta buɗe wata ƙofa. Dokar SB 420 ta 2003 ta kawo katin shaida na ganin dama, ta yarda marasa lafiya da masu jinya su haɗa kai su yi noma a ƙungiyance, ta kuma ce mai jinya zai iya karɓar kuɗin ɗawainiyarsa amma ban da cin riba. Ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙaranci, in ban da wasu 'yan yanayi kamar iyayen yaro mara lafiya. In kuma kana jinyar fiye da mutum ɗaya, sai kuna birni ko gunduma ɗaya.

16/ Yanzu mu tsallaka jihar Mishigan, su wata hanya suka bi daban. Dokarsu ta 2008, wadda ta samu kusan kashi 63, ba ruwanta da ko ka taɓa dafa wa mara lafiya shayi. Lissafi ne zalla. Ka kai shekara 21. Ka amince za ka taimaka masa wajen amfani da wiwin. Ya rubuta sunanka a rajistar jiha, a ba ka kati.

17/ Marasa lafiya biyar ne iyakarka. Kowane ɗaya, gindi 12 a wuri rufaffe mai kwaɗo, da busasshiya oza 2.5, wato wajen giram 70. In kai ma mara lafiya ne mai kati, ka ƙara naka 12. Ku yi lissafin: gindi 72 a gida ɗaya, kuma kana cikin doka.

18/ Gaskiya gindi 72 gona ce, kowa ya sani. Wannan mutumin manomi ne da aka ɗinka wa rigar mai jinya. In da a Kalifoniya yake, da ma'aunin Mentch ya yi waje da shi tun a ƙofa.

19/ Amma duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin biyun, na fi karkata ga Mishigan, kuma ga dalilina. A can, tun kafin ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ka san matsayinka. Ka duba katinka, ka ƙirga tsironka, ka duba kwaɗo. Ko kana ciki ko kana waje.

20/ A tsarin Kalifoniya kuwa, "kulawa mai ɗorewa" sau nawa ce a mako? Maƙwabcin da ke yi wa tsohuwa cefane duk Asabar, ya kai ta asibiti sau biyu a wata, ya shiga? Abokin da ya dawo gidan bayan ciwon ya yi tsanani fa? Ba wanda zai ba ka amsa sai bayan an kama ka, a gaban alƙali, kuma kai ne za ka kawo hujjar da za ta sa a saurari kariyar taka.

21/ Dokar da sai an je kotu ake sanin ma'anarta, mai kuɗin ɗaukar lauya take yi wa daɗi. Talaka yakan amsa ƙaramin laifi ne kawai don a sake shi ya koma wurin mara lafiyansa. A aji muna son irin waɗannan ma'aunai masu lanƙwasa, suna da daɗin rubutawa a jarrabawa. Wanda ke ɗaure da ankwa lamba yake so, wadda zai iya ƙirgawa.

22/ Kar ku ɗauka na wanke Mishigan tas. Dokarsu ta hana katin mai jinya ga duk wanda aka taɓa samu da babban laifin ƙwaya, har abada. A takarda yana da ma'ana, wa zai ba kura ajiyar nama? Amma ku ɗauki ɗa ɗaya tilo da ke zaune da mahaifiyarsa mai ciwon daji, wanda ya yi kuskure yana ɗan shekara 19, yanzu yana da 45. Shi ne mai jinyar gaskiya, kuma shi ne doka ta cire.

23/ Sannan kamen ƙwaya a Amurka bai taɓa sauka a kan kowa daidai ba. Rahoton ƙungiyar ACLU na 2013 ya nuna an fi kama baƙar fata a kan mallakar wiwi kusan ninki huɗu, alhali yawan shanta tsakaninsu da farare kusan ɗaya ne. Duk sharaɗin da ya dogara da tsohon tarihin kamu, wannan son kan zai gada.

24/ Wani abin kuma: a Mishigan mai jinya ɗaya tak mara lafiya zai rubuta. Duk wanda ya yi jinya ya san karɓa-karɓa ake yi. Wani na dare, wani na rana, wata ta ƙarshen mako. In mai katin ya yi tafiya ko shi ma ya kwanta, wanda ya karɓe shi ba shi da kariyar komai. New York da ta kafa nata tsarin a 2014 ta yarda da mutum biyu tun daga farko, wanda ya fi kusa da yadda gida yake.

25/ Na san wani zai ce ai yanzu an buɗe shaguna masu lasisi, Kalifoniya tun Janairun 2018 duk baligin da ya kai 21 zai shiga ya saya, to me ya rage na maganar mai jinya? Da saura sosai. Garuruwa da yawa a jihar sun hana buɗe shagon a yankinsu. Wanda ke kwance ba zai je ba. Yaro kuwa ko ƙofar ba zai taka ba.

26/ Maganar yara ce ma ta fi taɓa ni. A Kolorado, gyaran tsarin mulkin jihar na shekarar 2000 ya ce kafin a sa ɗan ƙasa da 18 a rajista sai likitoci biyu sun tabbatar da ciwon, iyaye sun amince a rubuce, ɗaya daga cikinsu ya karɓi matsayin babban mai jinya, kuma shi ke riƙe da maganin yana auna shi. Akwai masu farfaɗiya mai tsanani a cikin irin waɗannan yara, kuma mai ake ɗiga musu, ba hayaƙi ba.

27/ To yaron ya tafi makaranta, lokacin magani ya yi, wa zai ba shi? Sai a 2016 jihar ta yi dokar da ta tilasta wa makarantun gwamnati barin mai jinya ya shigo harabar ya ba yaro maganin, nau'in da ba a zuƙa. Ma'ana uwa ta bar wurin aiki kullum da tsakar rana. Daga baya ne aka sassauta aka ba ma'aikatan makaranta dama. Kun ga yadda "wa aka rubuta" yake yanke ko uwa za ta ci gaba da aiki ko za ta ajiye.

28/ Kolorado ɗin ma ta sha irin rikicin Kalifoniya. A 2009 kotun ɗaukaka ƙararsu, a shari'ar Clendenin, ta ce samar da wiwi kaɗai bai sa mutum ya zama mai jinya ba. Jiha daban, kalmomi daban, rami ɗaya.

29/ Duk wannan fa dokar jiha muke magana. Akwai ta tarayya a sama, wadda a 1970 ta sa wiwi a rukuni ɗaya da hodar hiroyin. A 2005, a shari'ar Gonzales v. Raich, Kotun Ƙolin Amurka da rinjayen 6 da 3 ta ce gwamnatin tarayya na da ikon hana wiwin da aka shuka a gida don magani, ko da jiha ta halasta.

30/ Angel Raich, matar da shari'ar ke ɗauke da sunanta, tana da ƙari a ƙwaƙwalwa wanda ba a iya yi wa tiyata. Ba ta iya noma da kanta, mutum biyu ne ke noma mata kyauta. A takardun kotu ba a ma rubuta sunayensu na gaskiya ba. Ku yi tunanin taimakon da sai ka ɓoye sunanka kafin ka yi shi.

31/ Daga 2014 majalisar Amurka ta fara saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana ma'aikatar shari'a kashe kuɗi don hana jihohi gudanar da dokokinsu na wiwin magani. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar McIntosh, ta ce kariyar ta waɗanda suka bi dokar jiharsu sau da ƙafa ce kawai.

32/ Ku haɗa wannan da abin da na faɗa a 20. In dokar jiharka ta ce "kulawa mai ɗorewa" kuma ba ka da tabbacin ka cika, to ba ka da tabbacin kana ƙarƙashin lemar tarayya ma. Duhun kalma ɗaya ya buɗe maka ƙofar kotu biyu.

33/ To me nake ganin ya fi? A raba sunan gida biyu. Mai jinya: wanda zai karɓo, ya riƙe, ya auna, ya bayar. Rajistarsa ta zama mai sauƙi, a yarda da fiye da mutum ɗaya, kar tsohon laifi ya zama katanga ta har abada. Mai nomawa: wannan a kira shi da sunansa, a rubuta adireshin gonar, a ƙayyade yawan tsiro, a riƙa zuwa dubawa.

34/ Ba ni na ƙirƙiro ba. A Oregon mara lafiya yana iya rubuta mai jinya daban, ya rubuta mai noma masa daban, kowa da gurbinsa. Su ma sun yi fama da kayan da ke zurarewa zuwa kasuwar bayan fage, ba na ɓoye wannan. Amma aƙalla hukuma ta san wa take bincike da kuma a kan me, ba sai ta tsaya tantance ko manomi ya taɓa kai wani asibiti ba.

35/ Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce wannan: in takarda kaɗai ta isa, mai wayo zai riƙa bin marasa lafiya yana sayen sa hannunsu don ya ƙara yawan tsironsa. Tsoho mai ruɗewa ma za a iya kama masa hannu. Gaskiya ne, kuma abin tsoro ne. Amma maganinsa a wurin rajista yake: a ba mara lafiya ikon cire sunan mutum duk ranar da ya so, a tabbatar da yardarsa ta bakin likita ko waliyyinsa, a sabunta lokaci-lokaci. Ma'aunin Mentch bai hana wannan cutar ba, bayan ta faru yake zuwa.

36/ Me ya haɗa mu da wannan? A 2023 an kawo ƙudirin noman wiwi don magani a Majalisar Wakilai, bai wuce ba. Ko ya dawo ko bai dawo ba, tambayar tana nan a gidajenmu da wasu magungunan. Duk wanda ke da ɗan uwa mai sikila, ya taɓa ɗauko masa allurar kashe ciwo mai ƙarfi a jaka ya iso shingen bincike da dare, ya san faɗuwar gaban da nake nufi. Maganin ba naka ba ne, mai shi kuma yana gida yana murƙususu.

37/ A jinyar kakata mu uku ne. Gwaggona ce ke kwana, ita ke wanka da canjin kaya. Kawuna ke biyan kuɗi daga wani gari, sau biyu ya zo a wata biyun. Ni ne ɗan aike, kemis da ɗakin gwaji da ɗauko abinci, sai kwanan baranda in Gwaggo ta gaji. Na gwada ɗora mu a kan dokokin nan. Kotun Kalifoniya Gwaggo za ta zaɓa ba gardama, alhali ita ba ta taɓa taka ƙofar kemis ba a duk zaman. A Mishigan duk wanda Kaka ta ambata shi ke da kati, kuma na san Kawu za ta ambata, don shi ne babba. Ledar maganin kuwa a hannuna take kullum.